Kundin aikin ceto bayanai daga faifan kwamfuta mai ciwo, Mabera, Sakkwato

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Faifan na laftof ne, ƙarami mai inci 2.5, terabait 1, kaurinsa milimita 9.5, yana juyawa sau 5400 a minti. Faranti biyu ne a cikinsa, kowane da fuska biyu, kowace fuska da kan karatunta, kawuna huɗu ke nan. Kwamfutar ta faɗo daga kan benci tana kunne. Ta ci gaba da tashi har kwana uku, kullum nauyi na ƙaruwa, a na huɗu ta kafe a tambarin Windows. Ta Kawu ce, kuma damuwarsa guda: hotunan tsofaffin takardun ajami da na Larabci na mahaifinsa, waɗanda aka ɗauka shafi-shafi da kyamara, wasunsu gara ta riga ta cinye asalinsu. Da aka tambaye shi abin da za a fara cirowa, cewa ya yi, "Ku dai ku hiddo min takardun Malam, saura Allah shi maida alheri." Da wannan amsar za a tsara aikin, domin faifan da ya sha ƙasa ba a san awa nawa suka rage masa ba, kuma duk mintin da ya yi yana juyawa daga cikinsu ake cirewa.

An fara da kunne. An jona masa wuta kawai, ba wayar bayanai, aka kara kunne na daƙiƙa goma sha biyar. Ya taso sumul, aka ji ɗan "kirit" na kawuna suna sauka kan faranti, sai shiru. Haka ake so. Da ya yi ta "ƙas, ƙas, ƙas" sannan ya mutu da kansa, kawunan sun kasa karanta komai ke nan, kuma aikin ya fi ƙarfin gida. Da ya yi ɗan kuka siriri ba tare da juyawa ba, ko kawuna sun manne a faranti ko injin ya cije. Da bai motsa ba sam, fanel ɗin da ke bayansa za a fara tuhuma. Ko shi fanel ba a sauya shi kai tsaye da na wani faifai, saboda akwai ɗan guntu mai ƙafa takwas da ke riƙe da saitin wannan faifan shi kaɗai, sai an ɗaga shi an mayar kan sabon.

Ba za a yi aikin ta akwatin USB ba. Tashar USB 2.0 miliamp 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900, alhali irin wannan faifan kan nemi kusan amp ɗaya lokacin tasowa. Ban da haka, ƙananan akwatunan nan kan daskare da zarar faifai ya daɗe bai amsa ba. An jona shi kai tsaye da wayar SATA a kwamfutar tebur mai Ubuntu, an kashe buɗe faifai na kai tsaye:

gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount false

An saka manhajojin aikin: gddrescue (mai kawo ddrescue, manhajar kwafe faifai mai ciwo), ddrutility, ddrescueview, smartmontools da testdisk. Inda kwafi zai sauka: sabon faifai mai terabait 2 da aka tsara da ext4. FAT32 ba ta ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, don haka ba ta cikin lissafi.

Wuta: inbata da batir mai bolt 12, 200Ah. A takarda wat-awa 2400 ne, amma irin wannan batir ba a shan fiye da rabinsa. Kwamfutar da allonta suna cin wajen wat 100, awa goma ke nan in an cire asarar inbata. Ya isa.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwamfutar ta gan shi da sunansa da cikakken girmansa, bait 1,000,204,886,016. Faifan da ya nuna girman banza ko sifili, ciwonsa na cikin manhajarsa ne, wannan kuma wani babi ne daban.

smartctl -A, mai karanto rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa (SMART), ya ba da waɗannan: lamba 5, sektocin (ƙananan yankunan ajiya a faranti) da ya riga ya sauya wa mazauni, 1,416. Lamba 197, waɗanda ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu, 2,968. Lamba 199 sifili ce, wato waya lafiya lau, ciwon a ciki yake. Ba a yi masa dogon gwaji ba. Dogon gwajin SMART yana bin faranti ne daga farko har ƙarshe, kuma karatun da zai ƙare a gwaji gara ya ƙare a kwafi. Haka chkdsk da duk wata manhajar "gyara": rubutu suke yi a kan faifan, su yanke abin da ba su gane ba. A kan kwafi ana iya gwada su, a kan asali a'a.

Ɓangarori huɗu ne irin na Windows, na uku shi ne babba. lsblk -f ya ce NTFS ne, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, ba a kulle shi da BitLocker ba. Da BitLocker ne, sai an nemo mabuɗin nan mai lamba 48 kafin a ga ko fayil ɗaya.

Daga terabait ɗin nan ba duka ke ɗauke da kaya ba, kuma ba dalilin wahalar da kawuna a kan fili. NTFS na da wani fayil da ke nuna wane gurbi (yanki mai bait 4096 a nan) ne a cike, wane ne fanko. Wannan umarnin yana ciro shi, ya mayar da shi iyakar da ddrescue zai bi:

ddru_ntfsbitmap -m mft.dom /dev/sdb3 cike.dom

Sakamako: gigabait 212 ne a cike. Kusan kashi huɗu cikin biyar na faifan ba za a taɓa shi ba.

Sai MFT, rijistar da ke ɗauke da sunan kowane fayil, kwanan watansa da gurbin da yake. A yawancin manyan ɓangarori tana farawa ne a gurbi na 786,432, kimanin gigabait 3 daga farko. In ta tafi, fayiloli suna nan amma kamar kasuwa ce ba lambar rumfa. Ita aka fara kwashewa:

ddrescue -d -S -b 4096 -r1 -m mft.dom /dev/sdb3 kwafi.img taswira.map

-d na tsallake ma'ajin wucin-gadi na Linux, -b 4096 saboda ainihin sektar faifan ke nan ko da yake yana nuna 512, -S kuma na hana wuraren fanko cin wuri a faifan karɓa. -r1 na cewa a sake gwada wurin da ya ƙi sau ɗaya; kwafi.img shi ne kwafin, taswira.map kuma taswirar da ddrescue ke rubuta abin da aka karanta da abin da ya rage. Megabait 318 ce, ta fito cikin minti 26, ban da sekta 9. Kowane shafin MFT bait 1024 ne, saboda haka sekta ɗaya shafi huɗu ce. Fayiloli 36 ke nan suka rasa suna. An kashe faifan nan take.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zagayen farko, na kwashe mai sauƙi:

ddrescue -d -S -b 4096 -n -N -a 5M -m cike.dom /dev/sdb3 kwafi.img taswira.map

-n da -N na cewa kada a tsaya tonon wurin da ya ƙi. -a 5M na cewa duk inda gudu ya faɗi ƙasa da megabait 5 a daƙiƙa, a tsallake, a dawo daga baya. Cikin awa ɗaya da minti goma gigabait 157 sun sauka.

Abin lura ya fito a ddrescueview. Taswirar ta yi zane kamar saƙar tabarma: kore mai tsawon kusan megabait 300, sai tsallake na kusan 100, sai kore, sai tsallake, haka har ƙarshe. Karce a faranti ba ya jeruwa haka, a wuri ɗaya yake taruwa. Faifai yana rubuta wani yanki da kai na farko, ya koma na biyu, na uku, na huɗu, ya sake zagayowa. Uku lafiya ɗaya ciwo, ma'anarsa kai ɗaya cikin huɗu ya raunana. Gigabait 55 da suka rage duk a ƙarƙashinsa suke. Yana karatu, amma da ƙyar, kuma in ya mutu yana iya jan sauran, domin kan da ya lanƙwashe yakan kankare faranti ya watsa gari a ciki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An gwada bayan azahar, kuskure ne. Ɗakin yana digiri 41, faifan ya kai 54 cikin kwata, kuma yawancin irinsa 60 ce iyakarsu. Gudu ya tsaya wajen kilobait 200 a daƙiƙa, kurakurai na ta hawa. An kashe a minti na 20.

A bazarar Sakkwato ko bayan isha'i bango na fitar da zafin da ya sha da rana. Daga yau aiki daga ƙarfe uku na dare ne zuwa bayan asuba. An fito da faifan daga cikin akwatin kwamfuta, an ɗora shi a kan murfin tukunyar alminiyam mai kauri da ƙyalle siriri a tsakani don kada fanel ya taɓa ƙarfe, ƙaramar fanka na busa shi daga gefe.

An kawo shawarar firiza, har da ta ɗora masa ƙanƙarar leda. Ba za a yi ba. Faifai ba a rufe yake ruf ba, yana da ɗan ramin numfashi mai matata. In ya fito daga sanyi zuwa ɗaki mai zafi, raɓa ce za ta kwanta a fanel da kan faranti, alhali tsakanin kai da faranti 'yan nanomita ne, tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Wannan ne ma dalilin da ba za a kwance murfinsa ba. Wanda ya ga yadda ƙura ke kwanciya a allon waya cikin minti biyar a garin nan ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ƙarfe 3 zuwa 6. An cire -a. Zafi 37 zuwa 39, gudu megabait 1.5 zuwa 2. An samu gigabait 18, jimla 175. Kai ɗaya, wuri ɗaya, bambancin digiri goma sha biyar ya ninka gudun kusan sau takwas.

Asabar, 12 ga Afrilu

Awa biyu lafiya, gigabait 11, jimla 186. Sai lissafin kurakurai ya fara gudu kamar mitar mai, dubbai cikin daƙiƙoƙi. Ba faranti ne ya lalace a lokaci guda ba. Faifan ne ya daina amsawa kwata-kwata, duk abin da aka tambaye shi sai ya dawo da kuskure, ddrescue kuma ya yi ta yi wa wurare masu lafiya alamar ciwo. dmesg ya nuna Linux na ta ƙoƙarin sake haɗa layin SATA bai samu ba.

Irin wannan suman ba ya warkewa sai an yanke wa faifan wuta gaba ɗaya. An kashe kwamfutar, an ba shi rabin awa. Taswirar ta ɓaci da alamun ƙarya na kusan gigabait 9. Maganinsa -A, wanda ke mayar da wuraren da suka ba da kuskure amma ba a tona su ba zuwa "ba a gwada ba". An ƙara abu uku a umarnin: -T 2m, ya tsaya da kansa in an yi minti biyu ba karatu ko ɗaya, -O, ya sake buɗe faifan bayan kowane kuskure, da -R, ya biyo daga ƙarshe zuwa farko don kada ya sake faɗawa ramin da ya sumar da shi tun da wuri. Sabuwar ƙa'ida kuma: kafin kowane zama a kwafi taswira.map da kwanan wata a sunanta. 'Yan kilobait ce, amma ita ce ta san abin da aka samu da abin da ya rage.

Litinin, 14 ga Afrilu

Jiya an bar shi ya huta. Yau gigabait 14, jimla 200.

Wajen biyar da rabi inbata ta yanke, an jona dutsen guga a layinta. Dutsen guga na cin wat dubu ko fiye, ita kuwa ƙarama ce. Kwamfutar ta mutu tsakiyar aiki. Ba a yi asarar kirki ba, domin ddrescue na ajiye taswira lokaci-lokaci, da aka sake ba shi umarnin daga inda ya tsaya ya ɗora. Da dd, umarnin kwafi marar taswira, aka yi amfani ko jan folda da linzami, da an koma farko.

Haɗarin yana wani wurin. Bayan tashi, faifan mai ciwo ya zama sdc, na karɓa ya zama sdb. Waɗannan sunayen ba su da tabbas, wanda ya riga amsawa shi ke karɓar harafin farko, mai ciwo kuwa kullum a makare yake. Daga yau ana kiran sa da sunansa na dindindin da ke cikin /dev/disk/by-id/, mai ɗauke da lambar jikinsa, a ƙara -part3 a ƙarshe. An kuma liƙe soket ɗin da salatif.

Talata, 15 ga Afrilu

Jimla 209.6. Saura gigabait 2.4 a warwatse. Lamba 197 ta haura 6,100, kuma an fara jin ɗan "ƙas" jefi-jefi, abin da babu shi a makon jiya. Kan yana ƙarewa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Yau ba a kunna faifan ba. Matakan da suka rage a ddrescue, datsa gefen wurin ciwo da bin sa sekta-sekta, su ne mafi cin rai, domin kan yana komawa wuri ɗaya yana maimaitawa. Kafin a sa shi wannan wahalar sai an san me ke cikin gigabait 2.4 ɗin.

An yi kwafi na biyu da cp --sparse=always, a kansa za a yi duk wani gwaji. Ya ƙi buɗuwa, ntfs-3g, mai buɗe NTFS a Linux, ya ce ya kasa karanta sektar ƙarshe. Dalili: an kwafi wuraren da ke cike ne kawai, sai fayil ɗin ya tsaya inda kaya suka ƙare, bai kai tsawon ɓangaren ba. An duba girman ɓangaren da aka rubuta tun ranar Talata daga blockdev --getsize64, aka miƙar da fayil ɗin da truncate -s zuwa daidai wannan adadin. Ya buɗu:

mount -t ntfs-3g -o ro,loop kwafi2.img /mnt/ceto

Sai ddru_ntfsfindbad, wanda ke haɗa kwafi da taswira ya faɗi fayilolin da ramuka suka faɗa cikinsu. Sun kai 1,204. Da aka tace, fiye da rabin girman yana cikin pagefile.sys da hiberfil.sys, waɗanda ba su da amfani ga kowa. Saura mafi yawa na Windows ne da manhajoji, sai wasu bidiyon biki. A jakar takardun Malam, mai hoto 4,870, guda 61 ne abin ya shafa.

Su 61 ɗin kaɗai za a bi. ntfsinfo -v -F da sunan fayil yana nuna gurbin da ya fara da tsawonsa. A ninka da 4096 a samu bait. Da yake a zama ɗaya aka zuba hotunan, sun taru a yankuna bakwai, jimlarsu ba ta kai megabait 400 ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ƙarfe 3 na dare, zafi 36. Kowane yanki da nasa umarnin, -i na nuna mafari, -s na nuna tsawo, an cire -n da -N, an sa -r1. Bayan kowane yanki hutun minti goma. Biyar sun fito cif. Na shida ya bar sekta 14. A na bakwai faifan ya suma sau biyu.

An gwada na bakwan da -R bayan asuba, ya ba da kusan rabi. Ba a wuce -r1 ba. Sektar da ta ƙi sau biyu a sanyi ba kasafai take yarda a karo na goma ba, sai dai kan ya ƙara lalacewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

An sabunta kwafi na biyu, an kwashe jakunkuna da rsync -a zuwa wata folda. Fitowar fayil ba ita ce lafiyarsa ba, domin inda sekta ta ɓace sifili ne ke zaune a gurbinta, girman fayil kuma bai canja ba. jpeginfo -c ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Fayilolin docx da xlsx a ciki zip ne, don haka unzip -t na tona lafiyarsu. Cikin 61, guda 52 sun fito lafiya. Tara sun buɗu da tabo: saman shafi garau, daga inda ramin yake zuwa ƙasa launin toka ko layuka sun goce. Haka JPEG yake, abin da ke gaba ya dogara da abin da ya gabata.

Lambobin hotunan sun nuna giɓi goma sha ɗaya, alamar suna cikin 36 ɗin nan da suka rasa shafinsu a MFT. Nan aikin PhotoRec ne, na Christophe Grenier, wanda ba ruwansa da rijista, kan fayil yake nema: JPEG na farawa da FF D8 FF, PDF da %PDF. Akwai tarko a nan. Yana tambaya ko a bincika wurin da ba kowa kawai ko ɓangaren duka, kuma hankali zai ce na farko. Amma waɗannan fayilolin ba goge su aka yi ba, gurabensu har yanzu a cike suke a lissafin NTFS, saboda haka binciken fili ba zai gan su ba. An zaɓi duka, an kashe kowane nau'i ban da jpg.

Ya zubo hotuna sama da 90,000 a jakunkunan recup_dir, da sunaye irin f1234567.jpg, yawancinsu ƙananan hotunan intanet da na manhajoji. An zubar da duk wanda bai kai megabait ɗaya ba. An kwatanta sha256sum, lambar shaidar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, na saura da na waɗanda ake da su, aka cire masu maimaici. exiftool ya jera ragowar bisa ranar ɗauka da samfurin kyamara. Goma cikin goma sha ɗaya sun bayyana, kowane ya faɗa daidai giɓinsa bisa sa'ar da aka ɗauke shi. Na ƙarshen bai fito ba. Mai yiwuwa a rarrabe yake a faifan, PhotoRec kuwa ba kasafai yake iya haɗa fayil ɗin da aka yayyanka ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Inda aka tsaya: shafi 4,871 lafiya cikin 4,881, tara da tabo, ɗaya babu. Suna wuri uku yanzu, faifan terabait 2, wani faifan daban da aka kai gidan Kawu, da filasha mai gigabait 64. An kai masa jerin shafuka goman a rubuce, da sunan littafi da lambar shafi, domin a duba cikin adakar ko asalinsu na nan. Ya ce shida daga ciki yana kyautata zaton suna nan. In haka ne, sake ɗaukar hoto ya fi komai sauƙi.

Faifan mai ciwo yana cikin ledar kariya daga lantarki, da ƙullin garin tsotse danshi, an rubuta kwanan wata da "kada a kunna" a jiki. Ba a buɗe shi ba, saboda haka in shafuka huɗun da suka rage sun cancanci kuɗin, masu ɗakin da ba ƙura za su iya sauya masa kawuna daga faifai irinsa sak. Za a haɗa musu da taswira.map da lambobin yanki na shida da na bakwai, don kada su sake bin abin da aka riga aka samu. Bidiyon biki da sauran jakunkuna ba a tantance su ba tukuna, sai ranar Laraba, kuma daga kwafi za a yi.